Na samu gurbin karatu a babban birni: hostel, gidan gwaggo ko haya?

Autar Mama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Alhamdulillah sunana ya fito, na samu gurbin karatu a jami'a, kuma a babban birnin da ban taɓa kwana cikinsa ba. Murna ta ɗan lafa, yanzu maganar wurin zama ce ta raba kan gidanmu. Baba ya ce gidan ƙanwarsa zan zauna, ga tsaro ga babu kuɗin haya, amma an ce daga gidan zuwa makaranta awa ɗaya da rabi ne idan hanya ta cushe, kuma mota biyu ake shiga. Mama ta fi son hostel. Wasu ƙawayena uku da muka yi sakandare tare kuma suna neman ta huɗu su kama ɗaki a bayan makaranta. Ni kaina ban san wanda nake so ba. Waɗanda suka riga mu, don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a a gama lafiya. Ni dai ina bayan mahaifinki. Yarinyar da ba ta taɓa barin gaban iyayenta ba, a sauke ta cikin dubban mutanen da babu wanda ya san sunanta? Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke cikin dare, wa zai taɓa goshinki? Gwaggonki ce fa, jininki. Nisan hanya kuwa ana sabawa da shi.

Mai Lissafi: Hajiya a gafarce ni, bari mu ɗora nisan a kan takarda kafin a ce ana sabawa. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, awa 3 ke nan kullum. Kwana 5 a mako, awa 15. Idan zangon karatu mako 15 ne, awa 225 sun tafi a cikin mota, fiye da kwana 9 cur dare da rana. Kuma ba a lissafa kuɗin mota huɗu a rana ba, wanda a ƙarshen shekara yana iya kamo kuɗin hostel ɗin ko ya wuce shi. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya rubuta a 1994 cewa tun zamanin tafiya a ƙafa har zuwa na jirgin ƙasa, lokacin da mutane ke kashewa a hanya a rana bai cika wuce kimanin awa ɗaya ba. Auta za ta ninka wannan sau uku, sannan a ce ta zauna ta yi karatu da dare.

Hajiya Babba: Ta yi karatun a cikin motar mana.

Ɗan Bayan Aji: Hajiya wace motar? Wadda jakarki ke kan cinya, gwiwar wani na haƙarƙarinki, kwandasta na ihu a kunnenki? Ko saƙon waya ba ya karantuwa balle littafi.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanwata, hostel. Ba don daɗinsa ba, don babu wani daɗi a ciki. Za ki tarar da layi a bakin famfo da asuba, soket ɗaya caja biyar na jiran sa, wata na waya da saurayi ƙarfe ɗaya na dare ke kuma kina da jarrabawa da safe. Amma shekarar farko a jami'a ba a cikin aji kaɗai ake yin ta ba. An sauya ɗakin lacca, an matso da gwaji daga Alhamis zuwa Talata, malami ya ce a zo ranar Asabar: duk waɗannan a bakin mutane suke yawo kafin su kai allon sanarwa. Wanda ke kwana a makaranta yana ji tun dare. Wanda ke zuwa daga ƙarshen gari sai ya iso ya tarar da aji babu kowa.

Malam Mai Alli: Ina koyarwa, kuma duk shekara ina ganin abin da Tsohon Ɗalibi ya faɗa. Akwai wani tsohon bincike da nake yawan ba ɗalibaina labari. Bayan yaƙin duniya na biyu, Leon Festinger da abokan aikinsa biyu sun bi gidajen ɗalibai ma'aurata na jami'ar MIT a Amurka, suka fitar da sakamakon a 1950. An raba wa mutanen nan gidaje ne ba tare da sun zaɓi maƙwabta ba. Da aka tambaye su manyan abokansu, kusan kashi 65 cikin 100 na waɗanda aka ambata a gini ɗaya suke da mai maganar. Tsakanin masu ƙofa da ƙofa, kashi 41 sun zama abokai. Idan ƙofa ɗaya ta shiga tsakani sai ya sauka zuwa 22, na ƙarshen baranda da ƙarshen baranda kuwa 10 kacal. Abin da ya fi ba ni mamaki, waɗanda ɗakinsu ke gindin matakala sun fi sauran mazauna ƙasan bene samun abokai a saman bene, don kawai ta gabansu ake wucewa. Ba hali ne ya haɗa su ba, yawan karo da juna ne.

Ɗan Bayan Aji: Malam ka zo da Turawanka. Mu kuma an ce: ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Wanda na fi tsana a rayuwata ta makaranta gadonsa na saman nawa.

Malam Mai Alli: Ban musa ba, kusanci na haifar da gaba kamar yadda yake haifar da abota. Amma wanda ba ka haɗuwa da shi ba zai zama abokinka ba ko kaɗan. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya auna wannan a 2018, kuma wani ɓangare na waɗanda ya bi sababbin ɗalibai ne da suka baro gida. Ya samu cewa kusan awa 50 ake yi tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kusan 90 kafin a ce aboki, fiye da 200 kafin a kai ga amini. Kuma zaman dole irin na wurin aiki ko na aji bai kai hira da yawo tare tasiri ba. Yanzu a koma kan lissafin Mai Lissafi: awa 225 a mota kowane zango. Aminiya guda ke nan Auta za ta riƙa barowa a kan titi.

Baƙuwar Birni: Ni a gidan dangi na yi shekarar farko, bari in faɗi nawa. Mutanen kirki ne wallahi, ba su taɓa yi min gori ba. Amma a falo nake kwana. Sai an kashe talabijin nake shimfiɗa katifa, kafin mai gidan ya fito da safe na naɗe ta na cusa bayan kujera. Littattafaina a cikin jaka suka yi shekara, babu inda zan baje su. Ranar da nake da jarrabawa ƙarfe takwas, ƙaramar gidan ta kwana tana amai, uwarta na fama da jariri. Ta yaya zan ɗauki jaka in fita? Babu wanda ya ce in tsaya, kunya ce ta tsayar da ni har na kusa makara. Abin da ba a faɗa shi ne, ɗaliba a gidan dangi ba baƙuwa ba ce, ba kuma 'yar gida ba ce. Idan kika zauna karatu ana aiki, ke kanki za ki tsargu. Idan kika tashi aikin, karatu ya tafi. Kuma laccar yamma ko karatun rukuni, kullum ni ce mai cewa "ku yi haƙuri, zan rasa mota".

Hajiya Babba: Baƙuwar Birni, na ji ki, kuma ban ƙaryata ki ba. Amma ku ji ta ɓangaren mai masauki, don ni na riƙe 'ya'yan 'yan uwa da dama a gidana. Yaro ya fita bai ce ga inda za shi ba, magariba ta yi, isha ta wuce, wayarsa a kashe. Uwarsa na can tana barci, ni ce zaune a bakin ƙofa zuciyata na bugawa, don amana aka ba ni. Idan na yi faɗa a ce na takura, idan na yi shiru wani abu ya faru a ce na yi sakaci. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai kai ɗansa gidan dangi, manya su zauna tun kafin a kawo akwati: ina za ta kwana, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wane aiki ne nata wane ne ba nata ba, me iyaye za su riƙa aikowa. Kunyar faɗin waɗannan ita ke lalata zumunci, ba zaman ba.

Kawun Yara: Kowa ya manta da zaɓi na uku. Hayar ma ba laifi ba ce, amma ba ta sabon shiga ba ce. Lokacin rajista kakar 'yan damfara ce: a turo hoton ɗaki mai kyau a waya, a ce mutum biyar na nema, a tura kuɗi yanzu ko a rasa. Kada kowa ya biya ko sisi sai babba ya je da ƙafarsa, ya ga ɗakin, ya ga mai gidan ido da ido ba dillali kaɗai ba, ya tambayi waɗanda ke haya a gidan ko shi ne mai shi. A buɗe famfo a ga ruwa. A ɗaga kai a duba rufi, tabon ruwa ba ya ɓuya ko an shafa fenti. A koma unguwar da dare a ga yadda layin yake. Sannan yarjejeniya a rubuce, da rasit mai sa hannu, da hoton duk abin da aka tarar a lalace ranar shiga. Tambayar da yara ba sa yi kuma: cikin ku huɗun nan, idan ɗaya ta bar makaranta ko kuka ɓata a tsakiyar shekara, wa zai biya kasonta?

Autar Mama: Kawu wannan tambayar ba ta taɓa zuwa min ba. Amma gaskiya hayar ce ta fi jan hankalina, saboda su na sani. Ina jin tsoron a haɗa ni ɗaki da waɗanda ko yarenmu ba ɗaya ba.

Tsohon Ɗalibi: To ai nan ne tarkon yake ƙanwata. Na ga waɗanda suka zo su huɗu, suka zauna su huɗu, suka ci su huɗu, suka gama su huɗu. Jikinsu ne ya zo birni. Kar ki yar da ƙawayenki, su ne za ki je wa ranar da abin duniya ya ishe ki. Amma abin da suka sani kin riga kin sani.

Malam Mai Alli: Wannan ma an yi nazarinsa. Mark Granovetter ya tambayi mutanen da suka samu aiki ta hanyar wani a wani gari kusa da birnin Boston na Amurka, ya wallafa a 1973. Waɗanda suka ce suna yawan ganin mutumin da ya ba su labarin aikin ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mafi yawa daga wanda ake gani jefi-jefi labarin ya zo. Dalilin a fili yake: amininka a da'irarka yake, abin da ya ji kai ma ka ji. 'Yar ajin da kuke gaisawa kawai ita ce za ta ce miki an buɗe neman tallafin karatu.

Ɗan Bayan Aji: Ko ta ce miki malamin nan ba ya sauya tambayoyinsa.

Malam Mai Alli: Wannan ban ji ba.

Autar Mama: Ku na dariya, ni kuwa tun yanzu idan na kalli ɗakina da dare sai hawaye. Anya zan iya kuwa?

Anti Nas: Za ki iya Auta, kuma kukan ba rauni ba ne. Kewar gida tsohuwar aba ce, har a 1688 wani ɗalibin likitanci a birnin Basel na Suwizalan, Johannes Hofer, ya rubuta kundinsa a kanta, ya ɗauke ta a matsayin ciwo sosai da ke kwantar da mutanen Suwizalan da ke nesa da gida. Yau ba a lissafa ta cikin cututtuka, yawanci tana lafawa da kanta idan mutum ya samu abin yi da mutanen gaisawa. Inda nake so ki sa ido shi ne idan ta zarce mako biyu a jere kina kasa barci ko kasa cin abinci, kin daina zuwa aji, abin da ke ba ki dariya a da ya daina. Wannan ya wuce kewa, ki je asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara.

Tunda na fara, bari in ƙarasa, duk inda kika zaɓa. Ki buɗe kati a asibitin makaranta a makon farko, lafiyarki ƙalau, kada ki bari sai jiki ya yi zafi ki fara tambayar ina ne. Cunkoson ɗakin kwana na taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, don haka ki tambaya ko kin yi rigakafi. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya ba a jiran gari ya waye. 'Yar ɗaki mai tari fiye da mako biyu a lallaɓa ta ta je a duba ta. Masu haya kuma, kada a kunna janareto a baranda kusa da taga, kada a shigar da garwashin gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iska mai guba da ke fita daga cikinsu ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take kashe shi.

Malam Mai Alli: Ƙari a kan na Anti: kada ki ruɗu da makonnin farko. Sverre Lysgaard ya yi hira da 'yan Norway 200 da suka je Amurka karatu da bincike, a 1955 ya ba da rahoton cewa waɗanda suka fi jin jiki su ne masu wata 6 zuwa 18, ba sababbin zuwa ba. Wato da farko ɗoki, sannan faɗuwa, sannan a miƙe.

Baƙuwar Birni: Malam ni ban ga wani ɗoki ba. Daren farko ne ya fi kowanne muni, daga nan abin ya riƙa sauƙi.

Malam Mai Alli: Ba ke kaɗai ba ce. Colleen Ward da abokan aikinta sun bi ɗaliban Japan a New Zealand, a 1998 suka nuna damuwa ta fi yawa ne a farkon isowa. Masana ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Na kawo shi ne don wadda ta ji ta faɗi a wata na huɗu kada ta ɗauka ita kaɗai ce ko ta yi kuskuren zuwa.

Hajiya Babba: To idan kewar ta yi yawa ta riƙa zuwa gida duk ƙarshen mako, shi ke nan.

Tsohon Ɗalibi: A nan kam Hajiya na saɓa miki. Ranakun Asabar da Lahadi ne ake wanki tare, ake fita siyayya tare, ake zama hirar da ba ta da kai. Wanda ke tafiya duk Juma'a yana dawowa Litinin ya tarar an yi abin dariya babu shi. Ni shawarata, ta daure wata na farko ba ta je ba. Waya ma a sa mata lokaci, kira ɗaya mai tsawo da yamma ya fi goma a rana. Wasu iyayen ke hana yaran zama, da an ji murya ta ɗan sauya sai "ko in aiko a ɗauko ki?"

Birnin kuma kada ki ce za ki haɗiye shi gaba ɗaya. Waɗanda aka haifa a cikinsa ma unguwa uku ko huɗu suka sani. Fara da hanya ɗaya: ɗaki, aji, laburare, asibiti, tashar mota. Bi ta a ƙafa da rana har ki daina duba waya. Ki riƙa sayen ƙananan kaya a wuri ɗaya, ki gaida mai gadin ƙofa kullum, ki zauna a gefe ɗaya a aji. Ranar da mai gadi ya ce "jiya ban gan ki ba", kin fara zama 'yar gari. Daga nan duk mako ki ƙara layin mota ɗaya, da rana, tare da wata.

Mai Lissafi: Kuma ki rubuta lambar mutum biyu a takarda ki sa a jaka, ki ware kuɗin motar dawowa a wani aljihu daban. Taswirar waya na da amfani har zuwa lokacin da caji ya ƙare. Maganar kuɗi gaba ɗaya: abin da aka ba ki na wata, raba shi huɗu tun ranar da ya shigo. A watan farko rubuta duk abin da kika kashe komai ƙanƙantarsa. Ba manyan abubuwa ke cinye kuɗin ɗalibi a birni ba, ƙananan nan ne na mota da data da buga takardu.

Kawun Yara: Da rance. Kada ki ba da abin da idan bai dawo ba za ki kwana da yunwa.

Autar Mama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zuciyata ta karkata ga hostel, amma ta yaya zan faɗa wa Baba? Ya riga ya yi wa Gwaggo magana, har ta ce ta gyara min wuri.

Hajiya Babba: Ba ke za ki faɗa ba 'yata, ba girmanki ba ne. Ki kai wa mamanki lissafin nan na awanni da kuɗin mota, ita ta san lokacin da ake yi wa mahaifinki magana. Kuma kada a ce an fasa gidan Gwaggo, wannan zai sosa mata rai. A ce saboda laccar safe za ki riƙa kwana a makaranta, amma ita ce uwarki a garin: sunanta za a rubuta a takardar makaranta a matsayin wadda za a kira, gidanta za ki sauka ranar da kika iso, ki bar wasu kayanki a can, ki riƙa zuwa mata kwana lokaci-lokaci. Har yanzu dai ni da 'yata ce gidan dangi za ta fara, ko zango ɗaya ne. Amma na ga kun fi ni yawa.

Baƙuwar Birni: Hajiya wannan tsarin da shi aka yi min da na more. Gidan da kike zuwa da marmari daban yake da gidan da kike naɗe katifa.

Kawun Yara: Duk wannan idan an samu gadon ne fa. A jami'o'i da yawa ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya riga shi ke samu. Tun yau a bincika ranar da ake buɗe nema da abin da ake buƙata kafin a nema, don wasu makarantun sai an gama biyan kuɗin rajista. A biya ta hanyar makaranta kaɗai. Duk ɗalibin da ya ce zai sayar miki da gadonsa, ki sani a wurare da yawa laifi ne da ake korar mai saye da mai sayarwa daga hostel.

Tsohon Ɗalibi: Idan an samu, ki je ranar farko da wuri ki kama gadon ƙasa kusa da taga, ki tafi da kwaɗo biyu, ɗaya na akwati ɗaya na loka.

Ɗan Bayan Aji: Gadon ƙasa? Yaya so kake ka mayar da gadonta kujerar baƙi. Duk wadda ta shigo ɗakin a kansa za ta zauna, wata ma da jiƙaƙƙen zani. Auta ki hau sama. Kuma ki rubuta sunanki a bokiti da fenti, ciki da waje, don na wajen kankare shi suke yi.